Kantin da Ake Binnewa Tare da Mai Shi

Akwai wani babban sito a nan Daura, wanda ba zan ambaci mai shi ba domin ya riga mu gidan gaskiya kuma iyalinsa suna nan da mutuncinsu, wanda shekara da shekaru motoci ba su daina sauke buhunan gero da wake da riɗi a ƙofarsa ba, har 'yan dako da dillalai da masu tuwo-tuwo suka dogara da shi wajen ciyar da gidajensu. To, da Allah Ya karɓi ran mai shi, ba a daɗe da sadakar arba'in ba sai ga magina sun ja katanga a tsakiyar siton, aka sayar da motoci da sikeli, aka ce wa yaran gida kowa ya kama gabansa. Wannan al'amari ya ƙona mini rai ƙwarai da gaske. Rabon gado hukuncin Allah ne, babu Musulmin da zai ja da ilmin fara'ili. Abin da ya dame ni shi ne yadda muka saba da ganin attajiri ya mutu kasuwancinsa ya bi shi kushewa, har muka daina ganin aibin haka, muna jingina wa ƙaddara abin da gafalarmu ce ta jawo shi.

Kuma a ce a Daura ake wannan, garin da ya kamata ya fi ko'ina a ƙasar Hausa sanin yadda abu ke wanzuwa bayan mai riƙe da shi! Tun daga zamanin su Daurama sarakuna suke shuɗewa, sarauta tana nan; ko da jihadi ya fitar da Sarkin Daura, Sarkin Gwari Abdu, daga birni a 1805, zuriyarsa suka yi zaman gudun hijira kusan shekara 100, akasari a Zango, ba su watsar da tsarin muƙamansu ba, har Malam Musa daga cikinsu ya komo da gidan Daura a farkon zamanin Turawa. Sarki Muhammadu Bashar ya riƙe ƙasa daga 1966 zuwa 2007, da ya rasu Sarki Umar Faruk Umar ya hau, fada ba ta watse ba, domin kuwa ba a rataya mulki a wuyan mutum guda ba: akwai Galadima, akwai Kaura, akwai masu zaɓen sarki, kowa ya san haddinsa. Attajiranmu suna zuwa gaisuwa fada, amma wannan hikima ba sa komawa da ita kanti.

Babbar cutar, wadda na daɗe ina jin haushinta, ita ce ƙin rubutu. Za ka tarar da mutum yana jujjuya dukiya mai ɗimbin yawa, amma duk lissafinta a kansa yake, in ya yi ƙoƙari ya ɗan zana a bayan kwali ko guntun takardar buhun siminti, in kuwa ya waye ya zuba a wayar hannu wadda babu mai sanin lambar buɗe ta sai shi. Kuɗin ciniki da kuɗin cefane, da kuɗin kujerar Makka, da na ƙarin aure, da wanda za a miƙa wa maroƙi, duk daga aljihun riga ɗaya suke fitowa, har shi kansa ba zai iya rantsuwa a kan ina uwar kuɗi ta tsaya ina riba ta fara ba. In ka ce masa, "Alhaji, ka ɗauki akawu mana," sai ya ce ba ya son a san sirrinsa, ko yana tsoron bakin mutane, ko kuwa masu haraji za su gani. Alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma kowane ɗalibin zaure ya san malaman Malikiyya sun wajabta wa ɗan kasuwa mai jujjuya haja ya ƙiyasta kayansa kowace shekara domin fitar da zakka. To, wanda bai san adadin jarinsa ba, da wane ma'auni yake fitar da haƙƙin Allah? Ranar da ya faɗi kuwa, waɗanda yake bi bashi sai su yi gum, waɗanda suke binsa su zo da rantsuwa, har da waɗanda ba su taɓa ba shi ko sisi ba, marayu su ƙare a gaban alƙali ba su da hujja ko ta layi ɗaya. Wannan zalunci ne da mutum yake shirya wa 'ya'yansa da hannunsa tun yana da rai, kuma ba na ganin wani suna da ya dace da shi in ba cin amana ba.

Kada wani ya ce mini rubutun ciniki bidi'ar Nasara ce. Fataken da suka riƙa kai kanwa da tufafi Gwanja suna komowa da goro, ayarinsu yana da madugu, da jagaba mai sanin hanya, da uban dawaki, da malamin ayari mai riƙe da alƙalami, kowa da aikinsa. Daga irin wannan gida Alhassan Ɗantata ya fito, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya yi fataucin goro, sa'an nan da jirgin ƙasa ya iso Kano aka shiga sayen gyaɗa ya baza wakilai a ƙauyuka yana ba su jari bisa amana, har a 1929 ya kai kuɗin azurfa kayan raƙuma 20 banki. Abin lura a gare mu shi ne, kafin rasuwarsa a 1955 ya tara 'ya'yansa ya yi musu wasiyya kada su bari kamfaninsa ya wargaje, kuma ya riga ya sa su a cikin aikin tun suna samari. Shi ya sa Sanusi da Aminu suka ɗora daga inda ya tsaya, Aminu ya riƙe gidan har rasuwarsa a 2025, kuma daga tsatson nan ne, ta wajen uwa, Aliko Ɗangote ya fito.

Mu kuwa sai mu rubuta a allon kanti cewa na wane ne da 'ya'yansa, alhali 'ya'yan ba su san farashin tiya ba, an tura su neman aikin ofis ko bin 'yan siyasa, domin uban da kansa yana ganin zaman kanti ƙasƙanci ne ga ɗan da ya yi boko. A shekarun 2015 zuwa 2023, da mulkin ƙasa yake hannun ɗan garin nan, samari da yawa sun ɗauka takardar kwangila ita ce sana'a, ga shi kuwa kwangila tana ƙarewa ranar da mai ba da ita ya sauka. Yaron gida kuma, wanda shi ne ya san kowane abokin ciniki da halinsa, sai ya tsufa a ƙofar kanti babu albashi tsayayye babu ranar sallama, alhali muna ganin 'yan kasuwar Ibo a garuruwanmu suna yanke wa yaro shekarun hidima, in sun cika su ba shi jari ya buɗe nasa. Umurnin biyan ma'aikaci tun guminsa bai bushe ba a wurinmu yake, mu ne muke karanta shi a masallaci.

Duk wannan yana komawa ga niyya, wadda kowa ya san a kanta ayyuka suke tsayawa. Malamai sun lissafa sana'o'in da jama'a ba ta iya rayuwa sai da su a cikin farillan kifaya, saboda haka mai sayar da hatsi hidimar al'umma yake yi, in ya san haka. Wanda bai sani ba shi ne yake kulle sito da kaka yana jiran bazara talaka ya zo da kuka, kuma mun ga irinsu lokacin da aka rufe iyaka a 2019, da kuma 2023 bayan juyin mulkin Nijar, sa'ad da hanyar Kwangwalam ta yi shiru, kasuwar Mai'aduwa ta ji jiki. Mutane ba sa manta wanda ya tsananta musu a irin wannan lokaci, kuma ba za su nemi ɗansa da ciniki ba bayan ransa.

Yanzu ga hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, wadda aka aza harsashinta a 2021, ta biyo ta Daura, ga Jami'ar Sufuri, ga makarantar kimiyya da fasaha ta tarayya tana yaye matasa. Kamfanonin da za su zo neman wakilai ba za su ƙulla mu'amala da aljihun riga ba, littafi za su nema. Shari'a kuma ba ta ce sai an tsaga gini kafin kowa ya sami rabonsa ba: ana iya ƙiyasta dukiya a gaban alƙali, a rubuta wa kowane magaji kasonsa, mata da marayu a gaba, su zauna a matsayin abokan tarayya, a naɗa wanda ya fi sanin aikin ya riƙe shi bisa lada sananne, ko da yaron gidan ne, a riƙa raba riba kowace shekara bayan an fitar da zakka.