Ladubban shiga makaranta ga iyaye da baƙi a Gyadi-Gyadi da Tarauni

Zuwa ga Edita,



Makaranta wuri ne da ake tara 'ya'yan mutane da yawa a hannun mutane kaɗan, shi ya sa shigarta ke da ƙa'ida ko da mai shigar uban ɗalibi ne. A Ƙaramar Hukumar Tarauni, wadda ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutum fiye da dubu 220 a fili mai murabba'in kilomita 28 kacal, makarantu sun cakuɗu da gidaje da shaguna da garejin makanikai. Daga Gyadi-Gyadi zuwa Unguwa Uku, Darmanawa, Daurawa da Hotoro, akwai firamaren gwamnati mai faffaɗan fili, akwai makarantar kuɗi da asalinta gidan zama ne aka yanyanka ɗakunansa, akwai kuma Islamiyyar da ke karɓar azuzuwan boko da zarar an tashi. Wannan kusanci alheri ne, don uwa na iya leƙa ɗanta ba tare da ta hau mota ba. Shi ne kuma ya sa wasu ke ɗaukar makaranta tamkar zauren gidansu.

Ladabi na farko a bakin ƙofa yake. Mai ziyara ya tsaya, ya yi sallama, ya faɗi sunansa da abin da ya kawo shi, ya rubuta a littafin baƙi in akwai, sannan ya nufi ofishin shugaban makaranta. Ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe: neman izini kafin shiga gidan wani yana cikin Suratun Nur, kuma ko a gidan ɗan'uwa ba a faɗawa kai tsaye. Abin mamaki shi ne mutumin da zai tsaya a layi a bincike shi a ƙofar banki, ko a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da ke nan kan titin Zariya, shi ne zai ɗaure wa maigadin makaranta fuska yana cewa, "Ba ka san ni ba ne?" Maigadi ya san shi ko bai san shi ba, umarni aka ba shi, kuma albashinsa bai kai a haɗa masa da cin mutunci ba.

Tsaurin ƙofa yana da tarihi a Kano. Bayan hare-haren 20 ga Janairun 2012, da harin da aka kai Kwalejin Ilimi ta Tarayya a Satumban 2014, makarantu da dama sun ɗaga katanga sun sa bincike. Sace ɗaliban Ƙanƙara a Disamban 2020, da na Kagara da Jangebe a Fabrairun 2021, ya ƙara tayar da hankalin iyaye. Amma abin da ya fi girgiza garin ya faru ne a Disamban 2021, lokacin da aka sace yarinya 'yar shekara biyar a yankin Dakata tana dawowa daga Islamiyya, daga baya aka gano mai makarantar bokon da take zuwa ne ya ɗauke ta ya kashe ta. Gwamnatin jiha ta janye lasisin makarantu masu zaman kansu a Janairun 2022 don sake tantance su, Babbar Kotu kuma ta yanke wa mutumin hukuncin kisa a Yulin shekarar. Yarinyar ta bi shi ne domin ta san shi. Ke nan sanin fuska ba ya wadatarwa, kuma ƙa'idar ɗaukar yaro dole ta hau kan kowa, har ma'aikatan makarantar.

Hanyar da ta fi aminci ita ce iyaye su rubuta wa makaranta tun farkon zango sunayen waɗanda aka yarda su ɗauki yaro, da lambar wayar da za a kira. Idan ɗan sahun da aka saba da shi ba zai zo ba, ko kawu ne zai biya yau, a sanar da ofis kafin lokacin tashi. Kawun da aka tsayar a ƙofa har sai an kira mahaifiyar yaro ba wulaƙanta shi aka yi ba. Gidan da aure ya mutu ana jayayya kan riƙon yara ya fi kowa bukatar wannan tsari, kuma wajibi ne makaranta ta san matsayar da aka cimma a gida ko a kotu, don kada harabarta ta zama fagen ƙwace. Haka nan wanda ya ajiye yaro da safe ya tabbatar ya shige ciki, wanda zai ɗauka kuma ya zo a kan lokaci. Barin ɗan nazare a hannun maigadi har bayan la'asar sakaci ne, ko da an kira shi uzuri.

Bayan ƙofa sai aji. Darasi ɗaya minti talatin da biyar ne ko arba'in, kuma a firamaren gwamnati malami kan tsaya gaban yaran da ƙirga su kaɗai aiki ne. Uban da ya tsaya a taga yana ƙwala wa ɗansa kira don ya ba shi kuɗin tara ya cinye wa sauran yaran wani yanki na darasinsu. Abinci ko littafin da aka manta a gida ana miƙa shi ofis ne. Mai son ganin malamin aji ya nemi lokacin tara, ko bayan tashi, ko ya sa a tsayar masa da rana.

Inda aka fi samun ɓaraka shi ne ƙorafi. Yaro ya koma gida da kuka ya ce an zane shi, ko an ƙwace masa wani abu, ko an kira shi da mummunan suna. Washegari uwa ko yayye su dira makaranta a fusace, su wuce ofis su nufi aji, a yi ta cacar baki gaban ɗalibai. Wani lokaci har da kai hannu, wani lokaci da barazanar kiran 'yan sanda ko wani babba da aka sani a gwamnati. Ko da iyayen ne ke da gaskiya, sun yi asara biyu. Malamin da aka zaga gaban yara ba zai ƙara riƙe ajin nan yadda ya kamata ba, sauran malamai kuma za su ɗauke kai daga yaron, ya yi daidai ko kuskure ba mai tanka masa. Shi kuwa yaron ya koyi cewa hawaye na iya taso masa da runduna daga gida, darasin da zai daɗe yana amfani da shi.

Wannan ba ya nufin iyaye su yi shiru. Dukan da ya bar tabo, zagin iyaye, karɓar kuɗi ba bisa ƙa'ida ba, da duk wata alama ta lalata da yaro abubuwa ne da ba a rufewa, kuma Kano na da dokar kare yara da aka sa wa hannu a 2023. Sai dai ƙara tana da matakai. A saurari yaro a natse, a tuna cewa labarinsa rabin labari ne. A je wurin shugaban makaranta, a nemi a kira malamin a ofis ba tare da ɗalibai na kallo ba. In ba a gamsu ba, akwai shugabannin ƙungiyar iyaye da malamai, akwai sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, akwai Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta jiha wato SUBEB ga firamare, da Ma'aikatar Ilimi. Abin da ya kai laifin da doka ke hukuntawa kuwa, hukuma ake kai wa kai tsaye, ba a sasanta shi a ofishin hedimasta da ban haƙuri.

A makarantar allo ta da, uba kan kai ɗansa ya durƙusa ya ce, "Malam, ga amana," ya riƙa aiko da kuɗin Laraba, in malam ya hore yaro ba a tambayar dalili. Wancan tsari yana da nasa aibin, don ya bar wasu yara ba mai jin kukansu. Na yanzu kuma, musamman a makarantun kuɗi, ya karkata ɗaya gefen: wanda ya biya kuɗin zango yana ganin malami yaron shagonsa ne. Kuɗin makaranta ladan koyarwa ne, ba su sayi mutuncin mai koyarwa ba.

Wayar hannu ta ƙaro sabuwar matsala. Ranar rabon sakamako ko walimar sauka, kowa na ɗaukar hoto da bidiyo, kafin magariba sun bazu a Facebook da TikTok, ɗauke da fuskokin 'ya'yan wasu, da bajen makarantar a ƙirjinsu, wanda ke nuna wa duk mai mugun nufi inda za a same su. Mutum na da iko da hoton ɗansa, ba shi da iko da na ɗan maƙwabcinsa. Zauren WhatsApp na iyaye ma an buɗe shi ne don sanarwa. Kama sunan malami a yi masa tonon silili a ciki daidai yake da zaginsa a filin asambule.

Shiga ta kamala, sassauta murya, barin sigari a waje, waɗannan ba sa bukatar dogon bayani. Cunkoson lokacin tashi ne ke bukata. Lungunan da ke ɓullewa titin Kotu da titin Zoo da titin Maiduguri ba su da faɗi, amma sai a ga motoci da adaidaita sahu sun toshe bakin ƙofa, kowa na son ɗansa ya fito ya faɗa kujera, masu tallan awara da alawa sun cike ragowar wurin. Yaron da bai kai tsayin boot ɗin mota ba direba ba ya ganinsa in zai ja da baya. Ajiye mota nesa kaɗan a tako da ƙafa minti biyu ne, kuma ba sai jami'an KAROTA sun zo ba.

Baƙin da ba iyaye ba su ma ƙa'idar ta shafe su. Ɗan siyasa ko mai ba da tallafi da ya zo rabon littattafai bai kamata a fito masa da yara su tsaya a rana awa biyu don a ɗauki hoto ba. Jami'in sa ido ya nuna shaidarsa kamar kowa. Matasan unguwa masu ƙwallo a filin makaranta, da masu aron wurin don ɗaurin aure ko taro, da masu kaɗa ƙuri'a ranar zaɓe, su bar benci da tagogi da banɗaki yadda suka same su. A makarantun kwana, ranar bizitin tana da lokacin farawa da na tashi, kuma cusa wa ɗalibi waya a ƙasan garin kwaki koya masa karya doka ne da hannun iyayensa.

Akwai kuma kishiyar kutse, wato ƙaurace wa makaranta gaba ɗaya. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora wa iyaye alhakin ganin yaro ya gama firamare da ƙaramar sakandare, har da tara ko ɗauri ga wanda ya yi ta saɓawa. Kano ta ƙaddamar da ilimi kyauta kuma dole a 2019, Gwamna Abba Kabir Yusuf kuma ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a Yunin 2024. Duk da haka taron iyaye da malamai yakan tashi da kujeru a wofi, mata sun fi yawa, maza sun tafi kasuwa ko ofis. Kwamitin gudanar da makaranta na al'umma, wanda aka tsara ya haɗa mai unguwa, limami, iyaye, malamai da wakilan ɗalibai, nan ne wurin maganar rufin da ke yoyo da malamin da ba ya zuwa. Uban da ba a taɓa ganinsa ba sai ranar rigima ko ranar roƙon a ƙara wa ɗansa maki bai san makarantar da yake ƙorafi a kanta ba.

Ita ma makaranta akwai abin da ke kanta. Ta rubuta ƙa'idojin ziyara da Hausa ta liƙa a bakin ƙofa, ta raba wa iyaye kwafi ranar ɗaukar yaro. Ta ware ranaku da sa'o'in ganin malamai, ta tanadi benci a inuwa, ta sa malama mace ta saurari uwar da ke jin nauyin yi wa namiji bayani. Wanda bai iya Turanci ba a yi masa magana da harshensa ba tare da an nuna masa gazawa ba. Ƙorafin da aka kawo a rubuta shi, a faɗi ranar da za a ba da amsa, a kuma cika. Ƙa'idar ƙofa ta zama ɗaya ga mai zuwa da ƙafa da mai zuwa da babbar mota, kuma idan maigadi ya tsayar da wani babba aka kawo ƙararsa, shugaban makaranta ya fito ya shaida cewa shi ne ya ba da umarnin.

Wassalam.

Daga wani mai karanta jaridarku,
Gyadi-Gyadi, Ƙaramar Hukumar Tarauni, Kano.