Hakkin Gizo A Wuyan Mai Kiwonsa

Mun san da yawa daga cikin masu karatunmu za su yi murmushi in sun ga mun ba da filin wannan mujalla ga zancen gizo-gizo. To, a yi mana haƙuri a saurara. A Amurka da Jamus da Ingila akwai mutane masu yawa da ke kiwon wani ƙaton gizo mai gashi, wanda ake kira tarantula, cikin akwatin gilashi, kamar yadda yaranmu ke kiwon tattabaru ko zomaye. Kuma akwai wata rana da takan zo wa duk wanda abin kiwonsa ya zamana namiji ne, ranar da za a gane ko dabbar yake so ko kuwa kansa. A kan wannan rana muke so mu faɗi ra'ayinmu.

Shi dai tarantula sunansa ya samo asali daga birnin Taranto na Italiya, ko da yake gizon da aka fara kira da sunan ba ma cikin wannan zuriya yake ba. Zuriyar tana da iri fiye da 1,000, kuma galibinsu halittu ne masu son zama wuri ɗaya. Sukan haƙa rami ko su sami kogon itace, su lafe a baki suna jiran ƙwaron da tsautsayi zai kawo. Ba sa girma sai ta hanyar saɓa, watau su tuɓe tsohuwar fata kamar yadda maciji ke yi. Macen wasu iri, misali mai jan gwiwa ta ƙasar Meziko, takan kai shekara 25 ko fiye, tana saɓa har tsufanta. Namiji kuwa yana da wata saɓa ta ƙarshe, wadda daga ita yake balaga, kuma da wuya ya wuce shekara ɗaya ko biyu bayanta. Wasu ma watanni kaɗai suke yi.

Abin da ke fitowa daga wannan saɓa kamar wata halitta ce dabam. Ƙafafunsa sun yi tsawo, cikinsa ya tsuke. Gajerun hannuwan nan biyu da ke gefen bakinsa sun yi kumburi a ƙarshe kamar 'yan kurtu, kuma a iri da yawa wata ƙugiya takan fito a ƙafafunsa na gaba. Bayan wani ɗan lokaci sai ya saƙa wata 'yar yana, ya ɗiga maniyyinsa a kai, ya zuƙe shi cikin kurtun nan, sa'an nan ya rushe yanar ya kama hanya. Ƙugiyar kuwa amfaninta shi ne ya tokare fiƙar mace da ita lokacin barbara, don kada angwanci ya koma jana'iza. A tatsuniyoyinmu Gizo ba ya wuce abinci, ko nasa ko na wani. Wannan gizon, sai a ajiye masa gyare a gabansa ya tsallake shi kamar bai gani ba.

Wanda ke son ganin haka a fili sai ya je kudu maso gabashin jihar Kolorado ta Amurka, kusa da garin La Junta, cikin watannin Satumba da Oktoba. Da yamma ta yi, mazajen sukan fito daga ramukan da suka shafe shekaru a ciki, su bazu cikin ciyawa, su tsallaka kwalta, kowanne yana neman ramin mace. In ya samu sai ya bubbuga ƙasa da ƙafafunsa a bakin ramin, ya jira amsa. Mota takan take wasu, wani irin ƙaton rina yakan harbe wasu, sauran kuwa sanyin hunturu ke ƙarasa su. Mutanen garin har biki suke yi wa wannan fita.

To, yanzu a ɗauki wannan halitta a sa ta cikin akwatin da bai fi kamu biyu ba. Dare duka yana zagaye, yana hawan gilashi yana zamowa, yana tura murfi. Mai kiwo, wanda ya saba ganin abinsa a lafe shekara da shekaru, sai hankalinsa ya tashi, ya ɗauka ciwo ne ko ƙunci. Wani ya sayo akwati mai tsawo, wani ya ƙara zafi, wani ya yi ta zuba gyare. Duk ba su ne magani ba, kuma na farkon ma kisa ne. Cikin tarantula kamar salka yake, mai taushi. In ya faɗo daga sama ya fashe, jininsa zai tsiyaye, kuma da wuya ya tashi.

Abin da ya wajaba ba shi da yawa. Ga irin da ke zama a ƙasa, a ƙara ƙasa cikin akwatin har tazarar da ke tsakaninta da murfi ta zama ba ta wuce faɗin ƙafafunsa sau ɗaya da rabi ba, a kuma kwashe duwatsu da duk wani abu mai kaifi. A cire murfin ragar waya, gama faratansa sukan maƙale a ciki, ya yi ta reto har ya yar da ƙafa. Murfi mai 'yan hudoji, wanda ke kulluwa sosai, ya fi. Ruwa kuwa kada ya yanke a kaskonsa ko da yini ɗaya. Dalili shi ne, gizo da matsin jininsa yake miƙe ƙafafunsa, don haka in ƙishirwa ta kama shi sai ƙafafun su naɗe ƙarƙashin jikinsa, kuma mai yawo bai ci ba shi ya fi kowa saurin bushewa. A riƙa miƙa masa ƙaramin ƙwaro jifa-jifa, in ya ƙi a cire kafin kwana ya zagayo. A daina ɗaukarsa a hannu.

Amma duk wannan jinya ce kawai. Mu a namu ganin, wanda ya tabbata da irin gizonsa, kuma ya san akwai mai riƙe da mace balagaggiya ta wannan iri, to wajibi ne ya ba da shi, kuma ya gaggauta, domin ƙarfin namijin raguwa yake kowane wata. Masu wannan kiwo suna da al'adar da ba baƙuwa ba ce gare mu: mai namiji yakan ba da aronsa, in an ƙyanƙyashe a raba 'ya'yan biyu, kamar dai yadda ake ba da akuya kiwo a ƙauye a raba abin da ta haifa. Wanda ya ce ba zai iya rabuwa da shi ba saboda sabo, sai mu tambaye shi, sabon wa? Gizon bai san shi ba. So duka so ne, amma son kai ya fi, kuma bai kamata a sa wa son kai rigar tausayi ba.

Ba mu ce babu abin cewa a ɗaya ɓangaren ba. Gaskiya ne mace takan cinye namiji wani lokaci, ko da mai kiwo na tsaye a kansu. Amma wanda ajalinsa ya riga ya kusa, kuma dukan jikinsa don wannan aiki ya sake, wace asara ya yi da ta fi ta mutuwa a kusurwar gilashi? Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta yawan 'ya'ya. Wani irin tarantula na Birazil jakar ƙwansa ɗaya kan ba da 'ya'ya fiye da 1,000, kuma kowanne sai an ware masa mazubinsa, in ba haka ba su cinye juna. Wanda bai san inda zai kai su ba, gara ya bari. Haka kuma wanda ba shi da tabbacin irin da ke hannunsa kada ya haɗa, don kada ya cakuɗa zuriya biyu masu kama da juna, ɓarnar da ba ta gyaruwa. A waɗannan halaye biyu mun yarda a riƙe shi, a ba shi ruwa, a bar shi ya yi yawonsa har ƙarshe. Abin da ba mu yarda da shi ba sam-sam shi ne a buɗe taga a ce an 'yanta shi. Gizon Meziko a lambun Landan gawa ne, a ƙasa mai zafi kuwa yana iya zama baƙon da ba a gayyata ba.

Akwai kuma dalilin da ya fi gizo ɗaya girma. Kwasar mai jan gwiwa daga dazukan Meziko ta yi yawa har aka sa shi ƙarƙashin yarjejeniyar CITES a 1985, wadda ke sa ido kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, aka haɗa da sauran danginsa a 1995, sa'an nan a 2019 aka ƙara da masu hawan itace na Indiya da Siri Lanka. Duk ɗan da aka ƙyanƙyashe a akwati, ɗaya ne da ba za a tono daga raminsa ba. Kuma kada a ɗauka abin ya yi nisa da mu. Cikin waɗanda ake sayarwa a kasuwannin Turai akwai Heteroscodra maculata na Togo da Gana, da Hysterocrates gigas na Kamaru, waɗanda asalinsu daga dazukan maƙwabtanmu aka kwashe su. Baƙar kunamar nan ta Afirka ta Yamma, wadda ta bi wannan hanya zuwa Turai, ita ma tun 1995 sai da takarda ake fitar da ita.

Saura magana ɗaya ga mai shirin saye. Ɗan ƙaramin tarantula ba a gane jinsinsa da ido, sai ya ɗan tasa a duba cikin fatar da ya tuɓe. Wanda ya sayi ƙarami, ke nan, ya yarda da cewa mai yiwuwa namiji ya ɗauko, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Tun ranar da fatar ta nuna masa namiji ne ya kamata ya fara tambayar wa ke da mace, ya kuma rubuta ranar saɓar ƙarshe a jikin akwatin, domin ita ce farkon abin da mai macen zai tambaya.