Ina Ingancin Bidiyon Bukukuwanmu Yake Salwanta?

A shekarar 2012 muka aurar da ƙanwata a Zariya, kuma kamar yadda aka saba, muka ɗauko mai bidiyo. Ya zo da kyamararsa sabuwa fil, yana nuna mana tambarin HD a jikinta, yana cewa hoton da za ta fitar ko gashin gira sai mun ƙirga. A wajen walima mahaifinmu ya yi wa ango da amarya nasiha ta kusan minti goma. Bayan shekara biyu Allah Ya yi masa rasuwa. Ranar da muka taru muka saka faifan a babban akwatin talabijin domin mu sake ganinsa, sai ga fuskarsa ta yi dishi-dishi, da ya motsa hannu sai hoton ya farfashe kamar fasasshen madubi. Na koma shagon mai bidiyon na roƙi ya ba ni ainihin abin da kyamara ta ɗauka, ko nawa ne zan biya. Ya ce ai tun a makon bikin ya goge katin, ya tafi wani aikin da shi.

Tun daga ranar na shiga bibiyar wannan lamari, kuma abin da na fahimta shi ne, kyamarar ba ta yi ƙarya ba. Ingancin ya salwanta ne a tsakanin kyamara da faifai, wato a kan teburin mai tace hoto, kuma mafi yawan asarar ana iya kauce mata.

Bari mu fara da lissafi, domin shi ba ya son kai. Hoton kyamarar HD cikakkiya yana da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, wato sama da ɗigo miliyan biyu. Faifan DVD na tsarin PAL, wanda shi ne tsarin talabijin ɗin Nijeriya, ɗigo 720 a kwance da 576 a tsaye kawai yake ɗauka, kashi ɗaya cikin biyar ke nan daidai. Shi kuwa VCD, wanda ya mamaye Kasuwar Ƙofar Wambai a Kano bayan zamanin kaset, 352 da 288 ne, kusan kashi ɗaya cikin ashirin. Saboda haka duk wanda ya ɗauki hoto da kyamarar HD ya zuba shi a DVD na yau da kullum, ya sani cewa ya zubar da kashi huɗu cikin biyar na abin da ya ɗauka tun kafin ya yi wani kuskure. Wannan asara ce ta dole. Abin takaicin shi ne asarar ganganci da ake ƙarawa a kanta.

Ta farko tana faruwa tun a wajen ɗauka, domin tun ran gini ran zane. Kyamarori da yawa da ke hannun masu bidiyonmu na-hannu ne daga Amurka, inda aka tsara su a kan wutar lantarki mai bugawa sau 60 a daƙiƙa da hoto kusan 30 a daƙiƙa. Mu kuwa wutarmu sau 50 take bugawa, talabijin ɗinmu kuma hoto 25 yake nunawa. Idan aka yi ɗauka da irin wannan kyamara a ƙarƙashin dogon ƙwan fitila, sai hoton ya riƙa ƙyafta ido, idan kuma aka zo mayar da 30 zuwa 25, sai tafiyar mutane ta riƙa tsalle-tsalle. Maganin wannan shi ne a saita kyamara a kan 25 ko 50 tun kafin a danna, idan kuma ba ta da wannan zaɓi, a bar aikin a tsarinsa na asali har zuwa faifai, tunda yawancin na'urorin kunna faifai da ke gidajenmu suna karanta tsarin biyu.

Ta biyu, wadda ta fi kowacce ɓarna, ita ce yawan matse hoto. Tsarin HDV da ya fito a 2003, mai ɗauka a kan ƙaramin kaset, da tsarin AVCHD da kamfanonin Sony da Panasonic suka fitar a 2006, mai ɗauka a kan kati, dukansu sun riga sun matse hoton a cikin kyamara. Irin wannan matsa kuwa tana zubar da wani ɓangare na hoton ne har abada. To sai mai tacewa, saboda kwamfutarsa ba ta da ƙarfi, ya fara juya fayil ɗin zuwa wani tsari mai sauƙi, ya tace, ya fitar, sannan ya ba wata manhajar ta sake juyawa zuwa DVD. Matsa huɗu ke nan. Duk wanda ya taɓa yin kwafin takarda daga kwafi, sannan ya sake kwafin wancan kwafin, ya san yadda rubutu yake komawa. Ƙa'idar ita ce a yi tacewa a kan fayil na asali, a saita aikin daidai da girman hoton kyamara da saurinsa, sannan a matse sau ɗaya tak a ƙarshe. Idan kwamfuta ta gaza, manhajojin tacewa suna da hanyar aiki da ƙaramin kwafi na wucin gadi, su koma kan na asali a lokacin fitarwa.

Ta uku ita ce cusa wa faifai abin da ya fi ƙarfinsa. DVD mai shimfiɗa ɗaya gigabait 4.7 yake ɗauka, kuma iyakar abin da aka yarda hotonsa ya ci shi ne megabit 9.8 a daƙiƙa. Awa ɗaya takan zauna a cikinsa da cikakken ingancinsa. Amma mu mun fi son a haɗa mana kamu da ɗaurin aure da walima da kai amarya, awa uku cur, a faifai guda. A nan kowace daƙiƙa ba za ta samu ko megabit 3 da rabi ba, shi ya sa da an fara rawa ko an watsa kuɗi sai hoton ya dagule. A ganina kada a wuce minti 90 a faifai ɗaya. A raba biki gida biyu, ko a nemi faifai mai shimfiɗa biyu na gigabait 8.5, kuma a bar manhaja ta bi hoton sau biyu, domin ta ba wuraren motsi kaso mai yawa, ta rage wa wuraren da ake zaune. Haka nan a kula da siffar hoto. Kyamarar HD mai faɗi take ɗauka, 16 bisa 9. Idan aka manta aka fitar a tsohuwar siffa ta 4 bisa 3, sai ka ga amarya ta rame ta ƙara tsawo.

Wanda yake son HD na haƙiƙa a kan faifai, hanyarsa ita ce Blu-ray, wanda ya shigo kasuwa a 2006 kuma ya yi galaba a kan abokin hamayyarsa HD DVD lokacin da kamfanin Toshiba ya janye a watan Fabrairun 2008. Mai shimfiɗa ɗaya yana ɗaukar gigabait 25, wato sama da awa biyu na hoton AVCHD a megabit 24, kuma wasu manhajoji suna iya kwashe sassan da ba a taɓa ba yadda suke, ba tare da sake matsawa ba. Akwai kuma dabarar zuba hoton AVCHD a kan faifan DVD mara komai, wanda yake ɗaukar kimanin rabin awa, sai dai na'urar Blu-ray ce take karanta shi, na'urar DVD ba ta iyawa. Gaskiya ne Blu-ray bai samu karɓuwa sosai a kasuwanninmu ba, kuma a farkon 2025 kamfanin Sony da kansa ya daina ƙera faifan Blu-ray na ɗauka da ƙananan kaset na MiniDV. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa faifai ba wurin ajiya na dindindin ba ne, ballantana faifai mai araha da zafin ƙasarmu yake cinye shi a cikin 'yan shekaru.

Na san masu sana'ar za su ce laifin ba nasu ba ne su kaɗai, kuma suna da gaskiya. Mai biki yakan kashe maƙudan kuɗi a kan zaure da abinci da anko, amma idan aka zo kan mai bidiyo sai a yi ta ciniki kamar ana sayen tumatir, sannan a ce ana son kwafi ashirin nan da jibi, alhali da janareto yake aiki. Araha dai ba ta ado. Wanda ya biya kuɗin gaggawa, aikin gaggawa zai karɓa.

Don haka kirana ga ɓangarorin biyu ne. Kai mai biki, tun ranar da kuke yin ciniki ka sanya sharaɗin cewa za a ba ka abu uku: faifan da za a raba wa dangi, da fim ɗin da aka tace a cikakken HD, da kuma ainihin fayilolin kyamara ba tare da an taɓa su ba. Awa ɗaya ta hoton AVCHD kimanin gigabait 11 ce, ke nan filasha mai gigabait 32 za ta ɗauki kusan awa uku, kuma kuɗinta bai kai na turmin atamfa mai kyau ba. Ka ajiye kwafi a wuri biyu ko uku, kada kuma ka dogara da wanda aka turo maka ta WhatsApp, domin shi ma matse shi ake yi. Ku kuma masu sana'a, ya kamata ƙungiyoyinku su mayar da wannan ƙa'ida, su koyar da yaran shago, kada a goge kati sai mai aiki ya karɓi nasa.

Lamarin ya wuce bikin aure. Hawan Sallah, naɗin sarauta, karatun malamanmu, wasannin makaɗa da mawaƙa, har da fina-finan Hausa da suka faro da Turmin Danya a 1990, duk ta hannun masu kyamara suke bi, kuma da yawan tsofaffin fina-finan da ake gani a intanet yau kwafin kwafi ne daga VCD. Jikokinmu da wannan za su san mu. Ni dai abin da ya rage mini na mahaifina yana magana shi ne wancan faifai mai dishi-dishi, kuma na yi masa kwafi uku. Ina fata mai karatu zai nemi nasa fayilolin tun kafin a goge katin.