Wane Kaset Ne Ya Cancanci Adanawa?

Kwanakin baya ina kwashe kayan mahaifina, Allah Ya jiƙansa, a tsohon gidanmu da ke Unguwar Kanawa, sai na ci karo da kwali cike da kaset-kaset. A cikinsu akwai TDK guda uku masu minti 90, suna nan cikin ledarsu, ba a taɓa ɗaukar komai a kansu ba. Ɗan ƙanena ya ce: "Baba, kada ka zubar da su. A Turai da Japan akwai masu tara irin waɗannan, kuma da tsada suke saya."

Ban ga laifin masu wannan sha'awa ba. Tun da kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, an ƙera shi iri-iri, kuma kowa da abin da ke burge shi. Amma a ganina, mu 'yan Arewa dukiyarmu tana cikin kaset ɗin da aka riga aka cika.

Duk wanda ya tashi a Kaduna a shekarun 1980 ya san abin da nake nufi. Mutum zai sayi sabon kaset a babbar kasuwa, ya kanga rikoda kusa da rediyo, ya ɗauki tafsirin Sheikh Abubakar Mahmud Gumi daga Masallacin Sultan Bello, ko waƙar Mamman Shata idan Rediyon Kaduna ta sako. Iyayenmu mata da ba su iya rubutu ba kan yi magana a kaset, a aika wa ɗa ko ƙani da ke Makka ko Kurmi. Kaset ne wasiƙarsu, shi ne littafinsu.

Sheikh Gumi ya rasu a 1992, Shata a 1999. Manya irinsu sun sami masu kwafe muryoyinsu. To, wa zai kwafe muryar malamin unguwa, da maroƙin biki, da kakar da ta aika saƙo? Zaren kaset ba ya jure zafi da raɓar damina. Yakan yi fumfuna, ya manne, ya tsinke. A kwalin mahaifina, biyu sun riga sun lalace, kuma ɗaya muryar kakata ce.

Shawarata ga 'yan'uwana 'yan boko ita ce: mu binciko kwalayen gidajenmu tun rikodojin da suka rage ba su mutu ba. Mu juye abin da ke ciki zuwa kwamfuta, mu rubuta sunan mai magana da shekara da wuri. Ina kuma roƙon Gidan Arewa, wanda aka kafa a 1970 a gidan Sardauna domin adana tarihinmu, da ya buɗe ƙofa ga muryoyin talakawa kamar yadda ya buɗe wa takardun manya.

Ukun nan na cikin leda na bar wa yaron, ya sayar in ya so. Sauran kuwa na fara juye su, ɗaya bayan ɗaya. Allah Ya sa ban makara ba.