Kuɗin yaƙi da hamada: a gwada mana lissafi

Ƴan'uwa makiyaya, a watan Janairu 2021 a birnin Faris, manyan ƙasashe da bankuna sun yi alkawarin sama da dala miliyar 14 domin ganuwar itatuwa da Tarayyar Afirka ta soma tun 2007, daga Senegal har Jibuti. Mun ji a rediyo. Amma nawa ya iso Tawa? Nawa ya iso Difa? Hannun wa ya shiga? Shiru.

Abin da muke gani shi ne mota ta zo, an kafa allo da Faransanci, an kewaye wurin kiwo da waya. Ba a tambayi ko ardo ɗaya ba. Saniya ta shiga, tara! Bayan rani biyu dashen ya bushe, waya tana nan, alhali dokar kiwo ta 2010 ta ce yawon kiwo haƙƙinmu ne.

A kasuwa ko akuya muka saida sai an karɓi haraji an ba mu tikiti. To, mu ma tikiti muke so. Kowane furoje ya manna yawan kuɗinsa da filin da zai ɗauka a ofishin magajin gari, a karanta a rediyon karkara da Hausa, Fulatanci da Tamajak, tun ba a gina rami ko ɗaya ba.