Tumatirinmu Ya Isa Legas, Amma Ikara Ta Yi Wa Masu Kuɗi Nisa

Bara na zauna da wani mai hannu da shuni a Kaduna, yana neman inda zai kafa injin markaɗa tumatir. Na ce masa ya zo Ikara. Sai ya dube ni kamar na zage shi, ya ce, "Haba Malam, can ƙauyen? Ba ku ne kuke fama da 'yan bindiga ba?" Mutumin nan bai taɓa taka ƙasar Ikara ba. A ganinsa duk abin da ya wuce Zariya daji ne. Har yau maganar tana ci mini rai.

Ni ɗan Janfalan ne. Na tashi ina ganin manyan motoci suna lodin kwandunan tumatir daga fadamunmu, su kwana biyu a hanya, su sauke a kasuwar Mile 12 ta Legas. Direba bai taɓa cewa hanya ta yi nisa ba, dillali bai taɓa cewa yana tsoro ba. Sai an zo batun gina masana'anta ne Ikara take komawa bayan duniya. Idan kaka ta yi kasuwa ta faɗi, manomi ya yanka tumatirinsa ya shanya a ƙasa ya zama kauɗa, wanda ya ruɓe a bar wa awaki. Matarsa kuma ta aika kanti a sayo mata tumatirin leda, wanda galibi daga Sin aka shigo da markaɗaɗɗensa. Wannan wane irin wulaƙanci ne?

Ba yau aka san ƙasar nan ta dace ba. Gwamnatin Balarabe Musa ta kafa kamfanin sarrafa tumatir a Ikara tun 1981. Aka bar shi ya yi shekaru yana tsatsa, sai a 2014 aka yi bikin farfaɗo da shi. To, ku zaga gonakinmu ku tambayi manoma inda suke kai amfaninsu yanzu.

Raken Makarfi da Kudan ma haka. Ana sare shi a ɗaure dami-dami a watsa kasuwannin ƙasa, saura a matse a yi mazarƙwaila, alhali manyan matatun sukari suna Apapa suna tace ɗanyen sukarin Barazil.

Batun tsaron kuwa, kada a raina mana hankali. A 2017 Olam ta buɗe katafaren kamfanin abincin kaji a Chikun, kan hanyar Kaduna zuwa Abuja, hanyar da kowa ya san irin garkuwa da mutanen da aka sha yi a kanta. Ban ga laifin kamfanin ba, lissafinsa ya yi: ga babbar hanya, ga kasuwar Abuja, ga manya a kusa. Amma wannan ya nuna mai jari yana iya jure haɗari idan an shimfiɗa masa kwalta an ja masa wuta. Mu an hana mu waɗannan, sannan aka laƙaba mana sunan ƙauyawa, aka ce sunan ne ya kori jari.

Abin da ya fi ƙona mini rai namu ne. Ɗan Makarfi ya mulki jihar nan daga 1999 zuwa 2007, don haka ba za mu ce ba mu taɓa samun namu a sama ba. Muna da attajirai da 'yan majalisa da manyan ma'aikata. Ina kuɗinsu? Shaguna a Abuja, otal a Kaduna, gidan mai a Kano. Gida sai ranar Sallah ko jana'iza, a raba dubu bibbiyu a kama hanya kafin magariba. Baƙo zai zuba miliyoyinsa a garin da ɗan gari ba ya iya kwana?

Wancan mai kuɗin, daga baya na ji ya sayi fili a bakin Kaduna. Tumatirin da zai markaɗa daga wajenmu zai sayo shi, kuɗin motar kuma a jikin manomin Janfalan dillali zai cire shi.