Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

Kwanakin baya wani matashi daga ƙauyukanmu na Jazira ya kira ni a shirina na rediyo, yana alfahari wai ya ƙirƙiro manhajar shaɗaranji, wato darar Turawa, har ya fara sayarwa. Da aka bincika, ashe manhajar Stockfish ce ya sauya wa suna da launi. Da na tuhume shi sai ya ce: "Ai kyauta ce." Malam, kyauta ce, amma tana da masu ita.

Tord Romstad da Marco Costalba da Joona Kiiski ne suka kafa Stockfish, wadda ta fara fitowa a 2008, masu aikin sa kai suka ɗora. Lasisinta, GPL, ya halatta maka ka ɗauka, ka gyara, har ka sayar. Sharaɗin kawai shi ne ka bar sunayen masu ita, ka bayyana cewa ka yi gyara, kuma ka miƙa wa mai saye asalin rubutun manhajar bisa wannan lasisin. Ina wahala a nan?

Wanda ya ɗauka sharaɗin wasa ne ya dubi kamfanin ChessBase na Jamus. A 2021 ya fitar da Fat Fritz 2, wadda kusan dukkanta Stockfish ce. Masu Stockfish suka maka shi a kotu a birnin Munik. A sulhun da aka yi a Nuwamban 2022, kamfanin ya amince ya dakatar da sayar da duk abin da ya gina a kan Stockfish har shekara guda.

Mu kuwa ba sai Jamus ta koya mana wannan ba. Malaminmu na Mai Wurno idan ya kwafi littafin Shehu Usmanu da hannunsa, yakan rubuta sunansa a ƙarshe a matsayin mai kwafa, ba ya goge sunan mawallafi. Manomin Jazira ma ya san ruwan madatsar Sinnar ba nasa ba ne: ya shayar da gonarsa, ya bar shi ya wuce ga maƙwabci.

Matashin ya ce ai ya mayar da manhajar Hausa, ya sha wuya. Madalla, a yaba masa. Ya sa sunansa a kan fassararsa, ya mayar da sunayen da ya goge, ya saki rubutun don na baya su ɗora. In ya ƙi, abin da yake sayarwa kayan sata ne, kuma ba zan tallata shi a shirina ba.